Kabarin Kyaftin Douglas da Kiran da Na Ƙi Ɗauka

Shekara biyu cur wata lamba tana kirana daga gida ban ɗauka ba. Na san mai ita. Abokin aikin Yayana ne, sojan da aka ce shi ke kusa da shi ranar da Allah Ya karɓi abinsa. Wayar za ta yi ta ruri a aljihuna ina cikin aji, ko ina tsaye a tasha cikin sanyin garin Caen na ƙasar Faransa, in ciro in duba lambar, in mayar. Bai taɓa aiko da saƙon murya ba, bai taɓa rubuto komai ba. Sai a yi wata biyu ko uku ya sake kira, sau ɗaya tak, ya bari.

Ni ɗan Damagaram ne. Mu huɗu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya ne babba, ni ne auta. Baba ya rasu ina aji uku a lakwal, don haka duk abin da na sani na uba a hannun Yaya na san shi. Da farko bakanike ne a bakin tasha, daga baya ya shiga soja, kuma da suka ga hannunsa a kan inji sai suka ajiye shi a garejin gyaran motocinsu, har da masu sulke. Da albashinsa aka saya mini littafi da takalmi har na kai jami'a. Da na samu tallafin ƙaro karatu a Faransa a 2015, shi ya ɗinka mini rigar sanyi a wurin wani tela, mai kauri kamar bargo, wadda ba ta yi kama da ta kowa ba a can, amma ta yi mini aiki.

A shekarar ce fitinar Boko Haram ta tsallako yankin Difa da ƙarfi, aka tura rundunarsu gabas. Hankalin Inna bai tashi sosai ba. Duk wadda ta shigo yi mata jaje sai ta ce, “Ai shi mai gyara ne, ba ya zuwa inda ake harbi.” Haka ni ma na ɗauka.

Da bazarar 2016 kawu ya kira ni bayan la'asar. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce nakiya ce ta tashi da motarsu, an kuma binne shi a can ranar, saboda zafi da nisan hanya. Sai ya ƙara wata magana wadda na san don yabo ya faɗe ta: “Ka san ba tura shi aka yi ba, shi ya nemi ya bi su.”

Wannan magana ita ta zame mini dutse a ƙirji. Na yi kuka kamar kowa, na yi masa addu'a, na aika da kuɗin sadaka. Amma a ƙasan zuciyata fushi nake yi da shi, kuma ban iya gaya wa kowa ba, don wa zai ce yana fushi da mamaci? Mutum yana da mata da 'ya'ya biyu ƙanana, ga tsohuwa, ga ni da ban gama tsayawa da ƙafata ba, an ajiye shi inda harsashi ba ya kaiwa, ya tashi da ƙafarsa ya bi wasu. Gani nake ya zaɓe su ya bar mu. Shi ya sa na kasa ɗaukar kiran abokinsa. Ba na son in ji muryar ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa.

Inna kuwa tambayarta ɗaya ce, ta yi ta maimaita ta ga duk wanda ya zo daga gabas: wa ya sa shi a kabari, kuma an fuskantar da shi alƙibla? Babu mai amsa, sai dai a ce mata ta yi haƙuri, Musulmi ne suka binne shi.

Kuɗin tallafi ba ya isa, sai na samu aikin kula da wani dattijo Bafaranshe kwana uku a mako. Ya haura tamanin, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma kansa garau. Ina ce masa Kaka, shi kuma yana ce mini yarona. A wani ƙauye kusa da garin Tilly-sur-Seulles, a yankin Normandi na arewacin Faransa, aka haife shi, yana ɗan shekara tara yaƙin Hitila ya iso ƙofar gidansu. A farkon watan Yunin 2018 ya ce in kai shi wani wuri. 'Yarsa ta ba ni makullin mota, na naɗe kekensa na sa a baya, muka yi yamma.

Hanyar ƙauyukan Normandi siririya ce, kuma kowace gona an kewaye ta da tudun ƙasa wanda itatuwa da ƙaya suka tsiro a kansa, sun yi shinge mai duhu, har ba ka ganin abin da ke bayan taku ashirin. Kaka ya nuna da sandarsa ya ce in lura da shingen nan da kyau, su suka cinye samarin da za mu je gani.

Maƙabartar tana gefen hanya, bayan garin kaɗan. Ciyawa a aske kamar darduma, fararen duwatsu a jere sahu-sahu, duk tsayinsu ɗaya, na hafsa da na ƙaramin soja ba bambanci. Sojojin Ingila da ƙawayenta 990 ne a kwance a wurin, ga kuma Jamusawa 232 a gefe guda, cikin shinge ɗaya da waɗanda suka kashe su. Na tura kekensa a kan ciyawa mai laima, tayar tana nutsewa, har ya ɗaga hannu na tsaya. A jikin dutsen an rubuta Kyaftin K. C. Douglas, 9 ga Yuni 1944, shekara 24. Wani ya ninke takarda ya danne ta da tsakuwa a gindin dutsen, ruwa ya jiƙa ta tawadar ta bazu.

Kaka ya cire hularsa. Ya ce bai taɓa ganin mutumin nan ba, a lokacin su suna ɓoye cikin rami da uwarsa da ƙannensa, kuma da suka dawo ba su tarar da gida ɗaya mai rufi a layinsu ba. Ya ce bama-baman Ingilishi da na Jamusawa duka suka rushe garin, bai san na wa ya faɗa kan ɗakinsu ba. Amma wannan yaron a kan tudun da ke bayan gonakinsu ya mutu, kuma shi kaɗai ne a wurin uwarsa. Sai ya ce, “Yarona, ka san an ba shi aiki a bayan fage a hamada, ya sato mota ya gudu zuwa inda ake wuta?”

Ban ce komai ba. Hannuna ne kawai ya ƙara damƙe mariƙin keken. Ni Musulmi ne, na san iyakar abin da addinina ya ba ni a bakin kabarin wanda ba Musulmi ba, don haka tsayuwa kawai na yi. Na tuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne. Na kuma san cewa a shekarar da yaron nan ya mutu ƙasarsa tana mulkin Kano da Katsina, Faransa tana mulkinmu, kuma dubban Hausawa suna can dajin ƙasar Bama ta nahiyar Asiya cikin rundunar Ingila ta 81 da ta 82 suna yaƙin da ba su suka haɗa shi ba. Ban manta da wannan ba. Amma abin da ya riƙe ni a gaban dutsen maganar motar nan ce.

Daga daren na shiga neman labarinsa. Turancin Ingilishina na lakwal ne, da ƙamus a gefe na yi ta ja, kuma na kwashe watanni a kai.

Sunansa Keith Douglas. An haife shi ranar 24 ga Janairun 1920 a garin Tunbridge Wells, kudancin Ingila. Ubansa tsohon hafsa ne na yaƙin duniya na farko, ya gwada kiwon kaji abin ya karye. Uwarsa ta kamu da wani ciwon ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara huɗu, ciwon da bai sake ta gaba ɗaya ba har ƙarshen rayuwarta. Uban ya tafi ya bar su yaron bai kai goma ba, ya yi shekaru babu ko wasiƙa, kuma da ya nemi su gana daga baya, ɗan ya ƙi. A makarantar kwana ta Christ's Hospital, wadda ke ɗaukar 'ya'yan marasa hali, ya yi karatu, daga nan ya samu shiga jami'ar Oksfod a 1938. Tun yana yaro yake rubuta waƙoƙi, yana zane, yana kuma son doki kamar ransa. Yaƙi na ɓarkewa a 1939 ya kai sunansa, aka kira shi a 1940, ya zama hafsa a farkon 1941, aka tura shi Gabas ta Tsakiya, inda ya faɗa cikin rundunar Sherwood Rangers.

Rundunar nan ta mahaya dawaki ce daga yankin Nottingham, manyanta masu gonaki ne da 'ya'yan gidan sarauta. Da dawakinsu suka sauka Falasɗinu a 1940. Aka karɓe dawakin, aka mayar da su masu harba igwa, wasunsu suka sha ƙawanya a garin Tobruk na Libiya, sannan aka ba su tankokin yaƙi. Douglas talaka ne a cikinsu, kuma ba shi da sauƙin zama. Yana da baki, yana gardama da na gaba da shi, abin da ya gani shi yake faɗa. Ban same shi waliyyi ba a cikin abin da na karanta, shi da kansa ya ba da labarin yadda suke kwasar kaya a motocin abokan gaba da aka bari. Wannan ya sa na ƙara gaskata shi.

Saboda ya iya zane, aka ɗauke shi daga rundunarsa aka kai shi hedikwata, aka ba shi aikin koya wa sojoji ɓad da kamannin motoci da tankoki. Aiki ne mai inuwa, nesa da wuta. Daren 23 ga Oktoban 1942 igwogin Janar Montgomery na Ingila suka buɗe wuta a El Alamein, yammacin Iskandariya ta Masar, a kan rundunar Romel, kwamandan Jamusawa. Douglas yana zaune kamar mil ashirin a baya, yana jin ƙasa tana girgiza, labari yana zuwa cewa tankokin rundunarsa suna ƙonewa, hafsoshin da ya ci abinci da su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya daure 'yan kwanaki. Daga nan ya sa kaki mai tsabta, ya ɗauki babbar motar da aka ba shi don aiki, shi da sojan da ke yi masa hidima, suka bi ƙurar hanya har suka gano inda rundunar take. Ya tsaya gaban Kanar Kellett ya nuna kamar turo shi aka yi. Laifi ne da zai iya kai shi kotun soja. Amma kanar ya rasa hafsoshi da yawa, bai tsananta tambaya ba, ya ba shi tankoki ƙirar Crusader ya ce ya shiga.

Na karanta wurin nan ya fi sau goma. Ina neman inda zai ce ya yi haka don ƙasa, ko don sarki, ko don a ba shi lambar yabo. Abin da na fahimta ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi nauyi. Mutum ne da ya kasa haɗiye abinci a inuwa alhali waɗanda ya san sunayensu suna cikin wuta. Yana da uwa marar lafiya wadda ba ta da kowa sai shi, kuma yana ƙaunarta, wasiƙunsa sun nuna. Duk da haka ya hau motar. A nan na fara zargin cewa lissafin da na yi wa Yaya, na cewa ya auna mu da su ya ga sun fi mu, wataƙila ba shi ne lissafin da ya yi ba.

Wanda bai taɓa leƙa cikin tankar yaƙi ba yana ɗauka mafaka ce. Akwatin ƙarfe ce cike da mai da harsasai, mutum uku zuwa biyar a cushe, ƙarar inji ta hana ka jin na kusa da kai sai ta waya a kunne. Direba ta ɗan tsagi yake hango gaba. Shi kuwa shugaban tanka, in yana son ya ga inda za shi, dole ya fito da kansa ta saman murfi, shi ya sa hafsoshinsu suka yi ta mutuwa. In harsashin igwar Jamus ya huda ƙarfen, daƙiƙa kaɗan gare ka ka fita kafin wuta ta kama. Douglas ya kwatanta yadda ake ganin yaƙi daga ciki, kamar hoto mai motsi da aka kashe wa sauti, mutane suna gudu suna faɗuwa kai ba ka jin komai sai inji. Yaya ya taɓa gaya mini cewa in rana ta take, ƙarfen motar sulke yana iya soya ƙwai. Dariya na yi a lokacin, ban tambaye shi yadda na ciki suke yi ba.

Daga Alamein suka bi Romel yamma, suka ƙetare Masar suka shiga Libiya, hanyar da samarinmu na Damagaram da Agadas suka san ƙarshenta, masu zuwa neman kuɗi Turabulus. A tsakiyar Janairun 1943, a wani kwari da ake kira Zem Zem (sunan ya yi kama da na rijiyar Makka, amma wannan busasshen kwari ne a hamadar Libiya), aka harbe tankarsa, ya fita da ƙafa, nakiya ta tashi ta ji masa rauni. Ya yi makonni a asibiti, a can ya rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin da aka san shi da su. Kafin ya komo, Kanar Kellett ya mutu a Tunisiya cikin watan Maris. Akwai waƙarsa guda da na kasa mantawa. Sun koma wani fagen da suka yi faɗa makonni uku da suka wuce, suka tarar da gawar Bajamushen da ya harbi tankarsu tana ruɓewa a rana kusa da igwarsa, ga hoton budurwarsa cikin tarkace, ta rubuta masa a jiki kada ya manta da ita. Douglas bai yi murna ba, bai kuma yi kukan ƙarya ba. Ya dubi mutumin da ya so kashe shi, ya ga cewa akwai mai jiransa a gida.

A ƙarshen 1943 aka mayar da rundunar Ingila don shirin tsallaka teku zuwa Faransa. Ya tattara waƙoƙinsa da labarin hamada ya miƙa wa mai buga littattafai, kamar mai sallama. Ya gaya wa mutane da dama, har da faston rundunar, cewa ba ya jin zai dawo. Ranar 6 ga Yunin 1944 suka sauka a gaɓar Normandi da tankoki ƙirar Sherman, wasu an yi musu rigar tamfol don su yi iyo zuwa gaɓa. Washegari suna cikin waɗanda suka shiga garin Bayeux. Daga nan suka yi kudu, suka faɗa cikin shingayen nan da Kaka ya nuna mini. Mutanen da suka saba hango abokin gaba daga nisan mil biyu a hamada, yanzu ga shi a bayan ganye, jifa ɗaya tsakaninsu. A gabansu kuma akwai ɗaya daga cikin rundunonin tankoki mafi ƙarfi na Jamus, Panzer Lehr.

Ranar 9 ga wata suna kan wani tudu da taswirar soja ta kira 103, yana kallon ƙauyen Saint-Pierre da kogin Seulles. Douglas, a lokacin kyaftin ne kuma mataimakin shugaban rukuninsu, ya sauka daga tanka ya tafi da ƙafa don ya gano abin da ke ƙasa. Yana dawowa, bam na ƙaramar igwa ya fashe a sama da shi. Waɗanda suka ga gawar sun ce kusan babu tabo a jikinsa. Kwana uku kacal ya yi a Faransa. Littafinsa na hamada sai a 1946 ya fito.

A nan wani mutum ya shigo labarin, wanda ban zo nemansa ba amma shi ya karya ni. Fasto Leslie Skinner, limamin Kirista na rundunar. Ya ɗora wa kansa cewa babu ɗan rundunar da zai ɓace ba a san inda yake ba. In tanka ta ƙone da mutane a ciki, shi yake shiga ya tattaro abin da ya rage, kuma ya hana 'yan tanka su taya shi, don kada su ga irin ƙarshen da ke iya jiransu gobe. Yana da ɗan littafi a aljihu, yana rubuta sunan kowa da ranar, ya zana taswirar inda ya binne shi, ga shinge, ga itace, ga kwanar hanya. Da dare ya zauna ya rubuta wa iyaye da mata wasiƙa. Da labarin Douglas ya zo, an hana shi zuwa da farko saboda Jamusawa na kusa. Da ya samu hanya ya tafi da ƙafa, ya gano gawar, ya haƙa kabari a gindin shinge ana harbi jefi-jefi, ya binne shi, ya rubuta wurin. Daga can ne aka tono shi daga baya aka kawo shi inda na tsaya da Kaka.

Na rufe kwamfuta na zauna a bakin gado. Uwar Douglas ba ta ga gawar ɗanta ba, amma ta san wanda ya sa shi a ƙasa, ta san gindin shingen. Wani ya ɗauki wannan sani a matsayin amana, ya sa ransa a haɗari don ya kai mata. Ita kuwa Inna shekara biyu tana tambayar duk mai shigowa, alhali mai amsar yana kiran wayata ina mayar da ita aljihu. Ni na tare hanyar.

Bayan sallar asuba na kira. Bugu biyu ya ɗauka. Na yi sallama muryata tana rawa, ya amsa, sai ya ce, “Auta, kai ne?” Sunan da Yaya ke kirana da shi ke nan. Na ce, “Ni ne, Yaya, ka yafe mini.” Ya ce babu komai, ya san ranar za ta zo, shi ya sa bai aiko da saƙo ba, magana ce da ba a barinta a cikin waya sai baki da baki.

Ya ce motar da za su fita da ita ta kwana biyu tana ba da matsala, tana mutuwa in ta yi zafi. Yaya ya gyara iya gyara, amma bai yarda da ita ba. Ya ce in ta tsaya musu a daji babu wanda ya san ciwonta sai shi, kuma yaran da ke ciki shi ya koya wa rabinsu tuƙi. Ya ɗauki jakar sifanoninsa ya shiga. Ba ta mutu ba ranar, nakiya ce ta same su a hanyar dawowa. Ya ce Yaya bai cika nan take ba, ya yi kamar rabin sa'a, kansa a kan cinyarsa. Farko ya tambaya ko direba ya fita, aka ce ya fita. Ya nemi ruwa, aka ɗiga masa. Sannan ya ce akwai jaka bakwai da mai shagon bakin bariki ke binsa, na madara da sukarin da ya aika gida, don Allah a biya. Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun a hankali.

Na ce zan turo kuɗin a ranar. Ya ce ya biya tun a makon, bai bar shi ya kwana da bashi a kabari ba. Na ce to zan mayar masa. Ya ce, “Auta, kada ka raba ni da ɗan abin da na samu na yi masa.”

Da na gaya wa Kaka, bai yi dogon magana ba. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce in na je gida in kai wa uwata gaisuwar wani tsoho da ya san ramin ɓuya. Ya rasu da sanyin shekarar, ban sake komawa Tilly da shi ba.

A 2019 na gama karatu na koma gida. Bayan kwana bakwai na hau mota zuwa gabas, ta Mirya da Gure da Maine, tafiyar yini guda, ga shingen bincike a ko'ina. Abokin Yaya ya tarye ni a tasha. Gajere ne, ya fara furfura, yana ɗan ɗingishi, kuma kunnensa na hagu ba ya ji tun ranar. Ya kai ni maƙabartar a kan babur. Babu fararen duwatsu, babu ciyawa, tudun rairayi ne a jere, wasu iska ta fara shafe su. Bai yi ko kokwanto ba, ya wuce kai tsaye zuwa wani kabari kusa da wata aduwa, inda ya kafa guntun ƙarfen mota a wajen kai don kada ya ɓace masa. Ya ce duk lokacin da ya samu sarari yakan zo ya ƙara ƙasa. Muka durƙusa muka yi addu'a. Fushin da na zo da shi tun daga Faransa na neme shi a wurin ban same shi ba, sai kewa.

Kafin mu tashi na ciro takarda da biro na zana wurin: ga ƙofar maƙabarta, ga aduwa, ga sahu na uku, ga kabari na biyar daga dama, ga kibiya tana nuna gabas. Na rubuta sunayen mutum huɗu da suka sa shi a kabari, da na limamin da ya yi masa salla, kamar yadda abokinsa ya faɗa mini.

Na iso gida da magariba. Inna tana kan tabarma a tsakar gida, matar Yaya tana gefenta, yaran suna cin tuwo. Na zauna na ba su labari tun daga jakar sifanoni har zuwa jaka bakwai ɗin mai shago, ban rage komai ba. Matar Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma ta karɓi takardar ta matso da ita kusa da fitila, ta bi layin da yatsa har ta kai kan kibiyar.

Ta ce, “Nan ne gabas?”

Na ce, “Nan ne, Inna. A kan damansa yake, fuskarsa na kallon alƙibla. Wanda ya kwantar da shi da hannunsa shi ya gaya mini.”

Ta ninke takardar sau huɗu, ta ƙulle ta a bakin zanenta inda take ƙulle kuɗin goro. Sannan ta ce wa babban ɗan Yaya ya kawo mata buta.